Ƙwallayen Dabinon Baba a Cikin Farrama

Shekarun baya, za a yi tara yanzu, mahaifina ya zo mana azumi a Madina. Tun da wasunku suka hango akwatin kayan aiki a bayana cikin hoton nan kuka dame ni da tambayar yaushe mai ba da magani ta koma gyaran famfo, to ku gyara zama, yau zan biya muku.

Lokacin muna haya a hawa na biyu na wani gida a Al-Khalidiyya. Ni ina aiki a ɗakin magani na wani asibiti, maigidana kuma injiniya ne a Yanbu, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Baba manomin dabino ne a wani ƙauye kusa da Dutse. Tun kafin a haife ni yake hawan bishiya, tafin hannunsa ya yi kanta har ba ya jin zafin kofin shayi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba, "Uwata" yake cewa. Wannan ne zuwansa na farko ƙasar nan, kuma tun a filin jirgi ya gaya mini shi ne na ƙarshe, don gwiwoyinsa sun fara yi masa gardama.

Kwana huɗu ya yi a Makka ya gama umararsa, sauran ashirin da biyar na watan duk a wurinmu ya yi su. Kullum kafin la'asar ya shirya ya tafi Masallacin Annabi, ya nemi wuri a sufra, doguwar shimfiɗar nan ta buɗa-baki da ake yi wa kowa da kowa. To sai na lura da wani abu. Dabinon farko da ya sha ruwa da shi ba ya yar da ƙwallonsa. Sai ya tsotse shi, ya jefa cikin wata 'yar jakar tsumma, ya mayar aljihu.

Wata rana na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, wai me za ka yi da wannan tarkacen?"

Ya ce, "Shukawa zan yi."

"Haba Baba, ai da ka faɗa! Gobe in kai ka kasuwar dabino in ɗauko maka kwali guda, ka ci ka tara ƙwallo har ka gaji."

Ya yi mini kallon da yake yi wa akuyar da ta shiga gona. Sannan ya kwance jakar ya zazzage a tafinsa.

"Uwata, na kasuwa kowa ya je zai samu. Waɗannan miƙo mini aka yi. Kin ga wannan dogon? Wani tsoho ne mai jan gemu, ban ji yarensa ba, bai ji nawa ba, ya raba nasa biyu ya ba ni mai ƙwallon. Wannan gajeren kuma wani makaho ne ya lalubo hannuna ya sa mini. Ni ba dawowa zan yi ba. In na shuka su a gonata, ko ba komai zan riƙa fita ina gaishe su."

Na yi dariya na ce Allah ya ba da sa'a, amma a raina na ce rigimar tsufa ce kawai. Ni a lokacin abin da ba shi da kwali da rubutu a jiki ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Washegarin sallah da hantsi abin ya faru, jirginsa kuma gobe da safe. Ina ɗaki ina ta fama da jakunkunan tsaraba, ina zama a kansu don zif ya rufu. Ashe kiyashi sun gano jakar Baba saboda sauran zaƙin da ke jikin ƙwallayen. Sai ya lallaɓa kicin, ya juye su cikin ɗan kwano, ya tara a famfo zai wanke ya shanya.

Kwamin wanke-wanken gidan nan yana da inji a ƙarƙashinsa, irin mai niƙe guntun abinci ya tura shi bututu. A nan farrama muke ce masa. Ramin kwamin da ke da farrama faffaɗa ne, babu rariya a bakinsa, roba ce kawai mai tsaga-tsaga. Baba bai san da wannan ba, ni kuma ban taɓa gaya masa ba, don ban taɓa zaton zai shiga kicin ba. Kwanon ya suɓuce masa, ƙwallo ashirin da biyar suka bi ruwa suka shige ramin. Bai kira ni ba, wai kada ya ɗaga mini hankali. Ya tafi ɗakinsa neman tocila don ya leƙa.

Daidai lokacin ni kuma na fito da kofunan shayi. Na ga ruwa ya ɗan taru a kwami, na zuba guntun ganyen shayi, na tsiyaya sabulu, na kai hannu na danna makunni kamar yadda na saba yi sau goma a rana.

Innalillahi! Wata ƙara ta tashi kamar an zuba tsakuwa a injin markaɗe. Ƙarr, ƙas-ƙas-ƙas, sai kuma ya tsaya cak yana gurnani. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa, uwar iyawa, na kashe na sake kunnawa. Sau uku, jama'a. A na ukun ne na ji ƙaurin waya ta ƙone, gurnanin ma ya ɗauke, ruwa ya fara ɗiga daga gindin injin cikin kabad.

Na juyo, ga Baba a bakin ƙofa da tocila a hannu.

"Uwata, me kika kunna?"

Idona ya sauka a kan ɗan kwanon da ke kife a gefen kwamin, sannan a kan jakar tsumman da ke rataye a yatsansa, babu komai ciki. Na gaya masa abin da injin yake yi. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ya kashe tocilar, ya ce, "Bar shi. Allah bai yi zan tafi da su ba." Ya koma falo ya zauna a kan darduma, ya ninke jakar ya ɗora a gwiwarsa.

Ni da na kawo shi, na yi masa hidimar wata guda, rana ta ƙarshe na niƙe masa abu ɗaya tak da ya nema wa kansa. Na ce ina, ba da ni ba.

Na je akwatin wutar gidan na sauke ta kicin, na naɗe hannun riga, na zura hannu cikin ramin nan ina runtse ido. Na lalubo ɗaya. Lafiyayye! Na sake lalubo wani. Sai da na tsamo takwas, da wasu ɓaraguzai. Sauran ina jin wasu da kan yatsa sun maƙale tsakanin faranti da bango, ko motsi ba sa yi, wasu kuma sun wuce can inda hannu ba ya kaiwa. Ashe injin tun farko ya shaƙe, bai samu ya cinye su ba.

Na kira maigidana, wanda aiki ya riƙe a Yanbu har cikin sallah.

Ya ce, "Hajiya, kada ki taɓa komai. Jibi ina nan."

Na ce, "Injiniya, jibi Baba yana Dutse."

"Sai a aika masa."

"Bayan sun kwana biyu cikin sabulu da maiƙo? Kuma ka ga fuskarsa kuwa? Ni dai gaya mini yadda ake kwance abin nan."

Ya yi ɗan tari, sannan ya faɗi gaskiya. Shi bututun da ya sani mutum na iya tafiya a tsaye cikinsa, amma wannan ƙaramin bai taɓa ko leƙa shi ba. A ƙarshe ya ce, "To na yarda. Ki tabbata wuta a sauke take. In gidan ya fara tafiya da ruwa ki kira ni in yi muku addu'a."

Na zura hijabi na sauka ƙasa wurin maƙwabciyata, Bahaushiyar Sudan ce, mijinta sabbak ne, mai aikin famfo. Na san ya tafi Jidda gaida danginsa, ita jego ya zaunar da ita. Tana jin labarin ta dafe ƙirji ta ce, "Ya salam! Dabinon Haram, Masallacin Annabi?" Ba ta ƙara tambaya ba, ta jawo akwatin kayan aikinsa daga bayan ƙofa, ta buga masa waya ta miƙo mini.

Ya ce, "Ya duktura, mafi mushkila, ba matsala, abu uku ne bas, ba ƙari. Ki tara bokiti. Ki kwance bututun da ke gefen farramar, da lanƙwasasshen nan na ƙasa, nan abu mai nauyi yake kwanciya. Ba'aden, bayan nan, akwai zoben ƙarfe a wuyanta mai kunne uku, ki sa sukundireba a kunne ɗaya ki juya hagu, za ta sako. Amma ki yi hankali, nauyinta ya kai na ɗan rago."

"In na cire fa, kwamin ya zama rami ke nan?"

"Ai wadda ta ƙone kuma tana yoyo ta mutu, kalas. Sai sabuwa. Ki ɗauki tsohuwar ki je da ita Al-Aziziyya bayan la'asar, akwai shagon da ba ya rufewa ko da sallah. Ki ce irinta sak, don zoben ya hau."

Na hau bene da akwatin nan ina haki, amma wani irin daɗi ne yake ɗiba ta. Ni da ko ƙwan fitila sai na jira ƙarshen mako! Na ɗaure ɗankwali tamau, na kwashe kayan kabad, na kwanta rigingine da lallen sallata raɗau a hannu, na cusa kai ƙarƙashin kwami. Ƙarar ƙarafa ce ta taso Baba. Ya jawo kujerar tsugunno ya zauna da ƙyar, ya kunna tocila ya haska mini.

Notin farko ya ƙi. Na murɗa har ina cije leɓe, na sa filaya, ya zame ya ƙwale mini yatsa.

Baba ya ce, "Ba da ƙarfi ake yi ba, Uwata. Ƙara ɗaure shi kaɗan tukuna, sannan ki dawo da shi."

Na ce a raina me manomi ya sani a kan noti, amma na gwada. Sai ga shi ya juya kamar an shafa masa mai. Ruwa ya ɓalle cikin bokiti, baƙi, mai wari, kuma cikin ƙarar ruwan na ji abin da kunnena ke jira. Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal-ƙwal.

"Baba, ka ji? Su ne! Wallahi su ne!"

Na rangaɗa guɗa a cikin kabad har kaina ya bugi bututu. Ɗan bokitin ya kusa cika, ruwa kuma bai daina zuwa ba. Na zabura na miƙe, na ɗaga bokitin, na duba ina zan juye shi, sai na ga kwami a gabana. Na juye duka a ciki.

Ku tsaya ku fahimci girman wautar. Kwamin da na kwance wa bututu da hannuna. Ruwan ya bi ta cikin injin ya feso ta gefe, ya cika kabad, ya malalo kan ƙafafun Baba da bakin sabuwar shaddarsa ta sallah. Ƙwallayen da na ceto kuma, wasu suka koma cikin injin da na ceto su daga gare shi, wasu suka gangara tsakar kicin, ɗaya ya shige ƙarƙashin firij.

Na tsaya da bokiti a hannu, baki buɗe. Baba ya kalli ƙafafunsa, ya kalle ni. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya ce ta kama shi, irin wadda ba ta da sauti, har tocilar tana haska silin.

"Uwata, wai ke ce kike ba mutane magani? Allah ya tsare bayinsa."

Nima na fashe. Muka durƙusa cikin ruwan nan, ni da rarrafe, shi da jan gindi, muna tsince-tsince. Na zaro na ƙarƙashin firij da muciya. Duk wanda aka samu sai Baba ya ɗaga shi sama ya ce "Alhamdulillahi" kamar an yi masa haihuwa.

Saura cire injin kansa. Na tuna maganar nauyin ɗan rago, na ce yanzu in na juya zoben ai a fuskata zai sauka. Baba ya waiwaya ya hango ɗan turmin da na taho da shi daga gida, wanda nake daka yaji a ciki.

"Kifa wancan a ƙarƙashinsa. Ki ninka tsumma ki ɗora."

Tsayin ya zo daidai, saura kamar yatsa biyu. Na zare filogin injin daga bango, na sa sukundireba a kunnen zoben, na yi bisimilla na tura hagu. Ya yi ƙara, ya ɗan motsa, na ƙara, sai ji na yi dim! Farrama ta zauna a kan turmi lafiya lau. Na ɗaga kai na hango silin ta cikin ramin kwami. Ban san lokacin da na ce, "Kai! Ni ce nan!" ba.

Muka kifa ta a faranti muka girgiza, waɗanda na mayar suka zubo. Baba ya wanke su da ruwa mai kyau, a roba wannan karon, nesa da kwami. Ya baza su a kan farin tsumma yana duba su ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mini wani abu da ban taɓa lura da shi ba duk dabinon da na ci a duniya. A bayan kowane ƙwallo, ɓangaren da ba shi da tsaga, akwai wani ɗan ɗigo kamar an taɓa da bakin allura.

"Ta nan yake tsirowa. In jikin ya ƙuje ba komai, muddin idon nan bai taɓu ba."

Goma sha bakwai ne masu lafiya. Ya harhaɗa ɓaraguzan ya ce na biyar ne. Sannan ya ɗago.

"Saura uku."

Na haska cikin injin, ga su nan kuwa, sun cushe a gefe. Na sa cokali, na sa sukundireba, na sa har da tsinken tsire, ko gezau. Na ce, "Baba, sha bakwai fa ba kaɗan ba ne." Ya ce, "Dogon nan na mai jan gemu yana ciki." Daga nan na daina musu.

Bayan la'asar muka sa farrama cikin buhun shinkafa muka tari tasi zuwa Al-Aziziyya, kamar dai yadda muke yi a gida, a ɗauki abin da ya lalace a tafi da shi kasuwa a ce a ba da ɗan'uwansa. Direba ya buɗe but, Baba ya ƙi, a cinyarsa ya ɗora ta. Mai shagon wani dattijon Balarabe ne. Ya leƙa buhun, ya shiga ciki ya fito da kwali, ya ce irinta ce sak. Sannan ya kai hannu zai ɗauki tsohuwar, wai mu bar ta zai jefar mana.

Baba ba ya jin Larabci amma ya ga hannun. Ya rungume buhun a ƙirji ya ce, "Gaya masa akwai ajiya a ciki."

Kunya ta kama ni, amma na daure na ba dattijon labari tun daga sufra har zuwa turmi. Ina jira ya yi dariya. Bai yi ba. Ya kalli Baba, sannan ya miƙa hannu biyu ya karɓi buhun, ya kai kan teburin aikinsa, ya ɗaure injin ya shiga kwance kusoshi. Wani mai saye ya shigo yana ɗaga murya, ya ce masa ya jira. Da ya raba injin biyu ya zaro su da ɗan hantsaki, ya goge kowanne da gefen ƙyallen kansa kafin ya sa a tafin Baba. Ɗaya ya tsage ta kan idon. Biyu lafiya, har da dogon.

Baba ya riƙe hannun mutumin nan yana ta zuba masa addu'a da Hausa, shi kuma yana ta "amin, amin ya hajj," ba wanda ya nemi in fassara.

Muka dawo da ƙwallo goma sha tara da sabuwar farrama. Ni kuma yanzu kaina ya gama kumbura, ji nake ko jirgin gobe ya lalace zan iya leƙa masa. Na ɗaura mata bututun gefe, na ɗora ta kan turmi, na ɗaga ta da gwiwa da hannu ɗaya, na saita kunnuwan nan uku, na juya zobe dama har ya yi ƙas. Na mayar da lanƙwasasshen bututu, na ɗaure noti, na buɗe famfo ina taƙama.

Tsit, tsit, tsit. Ruwa yana bin gefen injin.

Baba, da ke ta juya kwalin, ya ɗago wata 'yar baƙar roba mai kamar zobe.

"Wannan na ado ne suka sako?"

Robar bakin bututu ce, na manta da ita ɗungurungum. Na sake kwancewa, na sa ta, na sake ɗaurewa, gumi yana shiga mini ido. Wannan karon na cika kwamin taf na sake shi gaba ɗaya, na shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasa muka zuba mata ido ni da Baba. Ko ɗigo. Na sa filogi, na je na ɗaga wuta, na dawo na ɗora yatsa a makunni. Baba ya ja da baya har bakin ƙofa, ya dafe aljihunsa da hannu biyu.

Na danna. Wani lallausan sauti ya tashi, ruwa ya yi juyi ya wuce. Na yi tsalle, ni da girmana, na kira maigida na kara masa wayar a bakin kwami, na kira maƙwabciyata na kara mata ita ma, tana ta "mabruk, ya duktura, mabruk!" Lallena ya kankare, farcena biyu sun karye, bayana kamar an yi mini duka, amma ban taɓa jin daɗin aikin hannuna kamar ranar ba.

Da safe Baba ya tafi da jakarsa a aljihun gaba. Ya shuka su a leda, goma sha ɗaya suka tsiro, ya sa ƙanena ya turo mini hotonsu a jere. Daga nan aka fara raguwa. Wasu ba su jure dashe ba. Awaki suka tsallake shinge suka cinye uku rana ɗaya, ranar Baba ko tuwo bai ci ba. Wata damina ruwa ya kwanta a gefen gonar ya kashe wasu. Kafin shekara huɗu saura guda ɗaya, kuma shi kansa bai san na wace rana ba ne. Ya zagaye shi da ƙaya, yana kai masa ruwa da buta da kansa. Duk wayar da za mu yi sai na tambayi lafiyar ɗan Madina kafin in tambayi ta mutanen gida.

A shekara ta shida, lokacin sanyi, ina wurin aiki ya kira.

"Uwata, ɗan Madina ya yi fure!"

Na yi ihu har abokan aikina suka leƙo. "Allahu akbar! Baba, yaushe za mu ci?"

"Ba za mu ci ba. Namiji ne."

Na nemi kujera na zauna. 'Yar manomin dabino ce ni, na san abin da hakan ke nufi. Dabino akwai mace akwai namiji, kuma namiji ba ya 'ya'ya har ya mutu. Duk ruwan dattin nan, duk shekara shida na ban-ruwa da gwiwoyi masu ciwo. Na ce, "Wayyo Baba, sannu. Da ban danna abin nan ba, wataƙila cikin waɗanda suka farfashe akwai mace."

Sai na ji yana dariya.

"Ke dai boko ya cinye ki. In mace ce, bishiya ɗaya ce, mu cinye 'ya'yanta a wata guda. Kin manta yadda ake yi wa dabino aure? Furen namiji ake yankowa a hau a ɗaura a na mace, in ba haka ba ba ta yin abin kirki. Guda ɗayan nan ya ishi gonata kaf. Bana duk dabinon da za a sauke a gonar nan, ubansa daga sufrar Masallacin Annabi ya fito."

Ya ci gaba, ya ce labari ya riga ya zaga, maƙwabtan gona sun fara zuwa roƙon furen.

"Na ce musu ba nawa ba ne. Na tara ƙannenki na faɗa a gabansu, bishiyar nan na ba ki ita kyauta, ke kika shiga ƙarƙashin famfo. Mai so ya tambaye ki."

Na ɗauka wasa yake yi. Ashe da gaske ne, har lambata ya raba musu.

Na koyi ɗaura farrama, wannan gaskiya ne, tun daga lokacin na ɗaura wa mata uku a unguwarmu, kuma ban ƙara juye bokiti a kwami ba. Amma abin da ya fi zauna mini shi ne yadda na kira abin nan tarkace, da bakina, a gaban mutumin da ya san darajarsa tun ranar farko. Yanzu in tsoho ya riƙe wani abu da ban gane ba, tambaya nake yi, kuma in tsaya in ji amsar.

Baba ya daina hawa bishiya, a ƙasa yake zama yana ba ƙanena umarni. Duk shekara in furen ya fito sai wayata ta fara ƙara da lambobin gida da ban sani ba. Ta bana ta farko wani dattijo ne, sa'an Baba, wanda ya goya ni ina yarinya. Ya gaishe ni har da "ranki ya daɗe," sannan ya ce yana da mata shida a gonarsa, ko za a taimaka masa da reshe ɗaya.

Na ce masa, "Baba, ka yanki biyu."

Ya yi ta godiya har katinsa ya ƙare. Na ajiye wayar, na shiga ɗakin ajiyar magani na rufo ƙofa, na yi kukana na ƙoshi, sannan na wanke fuska na fito na kira mai lamba ta gaba a layin karɓar magani.